Numfashi ko Jini: Da Wanne Alƙali Zai Kama Direban da Aka Ce Ya Sha?

Wani dare cikin bazara, bayan lisha, ina zaune wajen mai shayi a bakin kwalta a Sabon Gari, sai wata ƙaramar mota ta kwashe ɗan kabu-kabu da fasinjansa. Kafin ƙiftawa da bismilla wurin ya cika. Direban ya fito yana layi, ido jajir, harshe a sarƙe. Wani dattijo ya matsa kusa da shi, ya ja hanci, ya koma da baya ya ce, "Wallahi yaron nan a buge yake." Saurayin da ke tallabe da direban ya ce, "Baba, a yi haƙuri, kansa ne ya bugi sitiyari, dubi goshinsa." Dattijo ya ce, "Ɗana, na riga ka zuwa duniya, na san warin abin." Har jami'ai suka zo suka yi konsta, wato suka duba wurin suka rubuta yadda haɗarin ya faru, 'yan kwana-kwana suka kwashi masu rauni, gardamar ba ta mutu ba.

Na daɗe ina juya ta a raina, don kowanensu na iya zama mai gaskiya. Wanda kansa ya bugu yakan yi layi. Mai ciwon sukari in sukarinsa ya faɗi yakan yi magana kamar mashayi, in kuma ya hau sosai bakinsa kan yi wani wari mai zaƙi-zaƙi. Direban da ya taso daga Agadas bai runtsa ba, idonsa ba zai rasa ja ba. Ga shi a Damagaram a ce wane mashayi ne ba ƙaramar magana ba ce. Tarar kotu zai biya ya manta, amma sunan zai bi shi har gidan surukai, ya jira 'ya'yansa mata ranar da aka zo neman aurensu.

Malamanmu sun riga likitoci shiga wannan rigima. A Malikiyya, wadda a kanta muka tashi, idan adilai biyu da suka san warin giya suka shaida sun ji shi a bakin mutum, hujja ta tsayu. Shafi'iyya da Hanafiyya suka ce wari kaɗai bai kai a tsayar da haddi ba: ta yiwu kurkure baki ya yi ya zubar, ta yiwu ya kurɓa bisa kuskure, ta yiwu tilasta shi aka yi. Wannan zancen kurkure baki, kamar yadda za mu gani, shi ne har gobe lauyoyi ke jifan na'urar zamani da shi. Sai dai tambayar kotun boko daban take. Ba ruwanta da ko ya sha ko bai sha ba. Abin da take nema shi ne nawa ne a jikinsa a daidai lokacin da hannunsa ke kan sitiyari. Hanci kuwa ba ya ba da lamba.

Lambar daga jini aka fara samo ta. Wani masani ɗan Suwidin, Erik Widmark, shi ya fito da hanyar auna barasa a ɗan ɗigon jini, a 1932 kuma ya wallafa lissafin yadda take bazuwa a jiki da yadda take raguwa. Norwe ce ta fara sa iyaka a doka a 1936, giram 0.5 a kowace litar jini. Na'urar hurawa irin wadda aka sani yau a 1954 ta fito, daga hannun Robert Borkenstein na rundunar 'yan sandan jihar Indiyana a Amurka. Ingila ta kawo tata iyakar ta 0.8 a 1967. Hukumar Lafiya ta Duniya a yau shawararta kada a wuce 0.5, sababbin direbobi da matasa kuma 0.2.

Barasa in ta sauka ciki ba ta jiran narkewa kamar tuwo. Kaɗan ta ratsa ta tumbi, mafi yawa ta ƙaramin hanji, ta faɗa jini. Tsakanin rabin awa da awa ɗaya da rabi takan kai ƙarshen hawanta, gwargwadon ko cikin na da abinci ko wayam yake. Hanta ke ƙone fiye da kashi 90 cikin ɗari, ɗan ragowar ya fita ta fitsari da gumi da numfashi. Jini in ya biyo ta huhu, can ƙasa inda tsakaninsa da iska ba komai sai tantani, wani ɗan kaso na barasar kan tashi ya bi iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masu sayar da fetur a kwalba a bakin hanya ya san abin: man yana cikin kwalba, amma hancinka ya same shi, kuma da tsakar rana ya fi da asuba ƙarfi. To na'urar hurawa wannan tururin take aunawa. Jinin kansa ba ta gan shi ba.

A nan gizo ke saƙa. Don a mai da lambar numfashi ta zama ta jini sai an yi ninki, ƙasashe kuma ba su daidaita kan ninkin ba. Faransa ta ɗauki 2,000: barasar da ke cikin litar jini ɗaya daidai take da ta lita 2,000 na numfashi. Amurka 2,100, Ingila 2,300. Mutum guda ya hura aka ga miligiram 0.25 a litar iska, da lissafin Faransa jininsa 0.50 ne, da na Amurka kusan 0.53, da na Ingila kusan 0.58. Jikin ɗan Adam kuma bai sa hannu a kan ko ɗaya ba. Wani nasa ninkin bai kai 2,000 ba, wani ya haura 2,500, mutum ɗaya ma nasa kan sauya tsakanin lokacin da barasar ke hawa da lokacin da take sauka. Amma a yi wa na'ura adalci: ga yawancin mutane, bayan barasa ta gama shiga jini, ainihin ninkin ya fi wanda Faransa da Amurka suka ɗauka, wato na'urar rangwame take musu. Wanda take iya zalunta shi ne wanda bai daɗe da ajiye kofi ba. Ƙasashe da dama sun gaji da wannan gardama a kotu, sai suka rubuta wa numfashi tasa iyakar a doka, kai tsaye, ba sai an juya ta jini ba.

Tunda shari'armu ta boko daga Faransa aka gado tsarinta, ya kamata mu san wani bambanci da suke yi wanda mu a baki muke haɗewa mu ce alkotes. Na'urorin iri biyu ne. Akwai etilotes, ƙarama, ta bakin hanya, har da irin ta leda da ake hurawa garin cikin bututu ya sauya launi. Aikinta tankaɗe ne kawai, ta ce akwai ko babu, ba a ɗaure mutum da ita. Sai etilomita, wadda hukumar awo ta amince da ita, ake duba ta lokaci-lokaci a liƙa mata shaida, ita ce ke fitar da lambar da alƙali zai karɓa. A can 0.25 a numfashi ƙaramin laifi ne na tara, daga 0.40, wato 0.8 a jini, babban laifi ne mai iya kai mutum kurkuku. Direba na da haƙƙin ya nemi a sake hurawa karo na biyu. Doka ma ta yarda na'urar kan yi kuskure, ta ƙayyade shi: 0.032 ga lambar da ba ta kai 0.40 ba, kashi 8 cikin ɗari daga nan har zuwa 2.0. A 2019 kotun ƙolinsu ta ce dole alƙali ya cire wannan kafin ya yi hukunci. Wanda ya hura 0.43, in an cire, ya dawo ƙasa da 0.40, ya fita daga babban laifi. Ka ga tsakanin gida da gidan kaso wani lokaci ɗan wannan gutsuren ne.

Ta ina numfashi ke ruɗin na'ura? Na farko shi ne abin da malaman Shafi'iyya suka hango. Barasar da ta maƙale a baki, ko daga kurɓar ƙarshe, ko ruwan kurkure baki na kanti, ko wani maganin tari, ko gyatsa da amai da suka taso da abin ciki, ta fi wadda ke fitowa daga huhu ƙarfi nesa ba kusa ba. Maganinta jira ne. Cikin minti 15 zuwa 20 takan watse, shi ya sa ake son jami'i ya sa wa mutum ido tsawon wannan lokaci, ba ci, ba sha, ba taba, kafin ya hura. A Faransa rabin awa ake ambata. Jami'in da ya tsallake jiran nan ya ɓata shaidarsa da hannunsa. Na biyu zafin jiki. An gina lissafin kan cewa numfashi na fita baki da zafin digiri 34. In jiki ya ƙara digiri ɗaya, lambar kan ƙaru da kimanin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da unguwa guda a ƙarshen damina, wannan ba zancen littafi ba ne. Amma a lura, zazzaɓi ƙari yake kan abin da ke akwai. Wanda bai sha ba, ko jikinsa ya kai garwashi, sifiri zai hura.

Ga 'yan tasha masu cewa a tauna goro ko kanumfari ko a tsotsi minti na'ura ta rikice, wannan hancin dattijo kaɗai zai ruɗa. Abin daga huhu yake fitowa, ba daga haƙori ba.

Babban raunin na'ura a wurina ba a jikin direba yake ba, a jikinta yake. Ma'auni ce, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dole ya san tiya ba ta zama tiya don an kira ta tiya, sai an gwada ta da wata wadda aka yarda da ita. Haka na'urar nan: ana hura mata iskar da aka san adadin barasar cikinta, a ga ko za ta faɗi daidai, a saita ta, a rubuta rana. In an bar ta sai ta riƙa zamewa a hankali ba wanda ya lura, don kullum lamba za ta nuna tsaf, ba in'ina. A jihar Niyu Jazi ta Amurka, a 2018, babbar kotun jihar ta zubar da sakamakon hurawa a shari'o'i sama da 20,000, don an gano an tsallake mataki ɗaya na auna zafi wajen saita na'urorin. Can ke nan, inda akwai kuɗi da masana da wutar da ba ta ɗaukewa. Sai mu auna da namu: ƙurar hunturu, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a inuwa, na'ura kwance a cikin mota rufe tun hantsi, alhali kowace tana da iyakar zafin da masu ƙera ta suka rubuta. Na'urar da aka samu gudummawa aka raba da biki, in ba a tanadi wanda zai riƙa saita ta da kuɗin yin haka ba, bayan shekara biyu fitila ce kawai mai lambobi.

Sannan numfashi ba ya ajiyuwa. Ka hura, ya tafi. In bayan wata uku lauya ya ce bai yarda ba, ba abin da za a sake aunawa, sai 'yar takardar da na'ura ta tofo.

A nan jini ya yi wa numfashi fintinkau. Abin da ake tuhuma kansa ake aunawa, ba inuwarsa ba. Ana zuba shi kwalba biyu, a auna ɗaya, a adana ɗaya, wanda ake tuhuma in ya musa a kai ta biyun wani ɗakin bincike. Wanda ya suma, ko haƙarƙarinsa ya karye, ko bakinsa ya fashe, ba zai iya hurawa ba, amma jijiyarsa na nan. Abin dariya, hanyar da kotuna suka fi yarda da ita wajen auna jinin ita ma tururi take bi: a rufe jinin a 'yar kwalba, a ɗumama, a zuƙi iskar da ta taru a samansa, a tura ta injin da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne a nan zafin da komai a hannun mai bincike yake, ba a hannun zazzaɓi ba.

To me ya sa ba a ce kowa jini ba, a huta? Saboda agogo. Hanta ba ta jiran konsta. A kowace awa tana rage kimanin giram 0.10 zuwa 0.20 a lita, a ce 0.15 a tsakaice. Ɗauki haɗari a hanyar Tanut da ƙarfe 9 na dare. Kafin labari ya kai, jandarmomi su iso, a samu motar da za ta kwaso mutane, a shigo gari, likita ya gama da masu zubar jini ya waiwayi direba, sha biyu ta buga. Wanda yake da 0.9 lokacin da ya yi karo, yanzu 0.45 za a gani, ƙasa da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Jinin bai yi ƙarya ba, gaskiyar sha biyun dare ya faɗa, ita kuwa kotu ta ƙarfe tara take nema. Masana kan yi lissafin komawa baya, amma da zato a ciki: in an ɗauki 0.10 a awa za a ce 0.75 yake da shi, in an ɗauki 0.20 a ce 1.05. Akwai kuma juyin wannan. Wanda ya shanye ya tashi nan take ya hau mota, ya yi karo bayan minti goma, barasar ba ta gama shiga jininsa ba. Bayan awa guda allura za ta nuna fiye da abin da yake ɗauke da shi a kan hanya.

Bayan agogo sai rana. Jini abu ne mai rai, akwai sukari a ciki. In ƙwayoyin cuta ko na yis suka samu shiga, kwalbar kuma ta sha zafi, suna iya yin abin da suke yi wa dawa a tukunyar burkutu, barasa ta tsiro inda babu ita. In murfin bai kamu ba kuma wadda ke ciki ta gudu. Saboda haka ba kowace kwalbar asibiti ake amfani da ita ba, sai mai garin fuloraid a ciki, wadda galibi murfinta ruwan toka ne, a jijjiga a hankali, a sa a sanyi. Wurin da za a soka allura ba a goge shi da alkol, sai da wani maganin daban, abin da hannun ma'aikacin jinya ya saba yi sau ɗari a wuni ba tare da tunani ba. In samfurin Yamai zai tafi, kilomita wajen 900 ne a kan hanya, a tambayi a cikin me ya tafi, ƙanƙarar ta kai Maraɗi ko ba ta kai ba.

Wani tarkon da alƙalai da lauyoyi ya kamata su sani: awon da asibiti ke yi don magani ba shi ne awon kotu ba. Asibiti yakan tace jini ya auna ruwansa, ruwan jini kuwa ya fi cikakken jini yawan barasa da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Takarda ta ce 0.9, in ba a tambayi ko na ruwan jini ne ba, an ɗora wa mutum abin da ba nasa ba.

Sai hannuwa. Wa ya ɗiba, da ƙarfe nawa, wa ya rubuta suna a kwalba, wa ya buga hatimi, wa ya karɓa, a wane firji ta kwana. Daren haɗarin babbar mota, mutum goma kwance, kwalabe biyu su sauya suna ba abin mamaki ba ne. Malaman hadisi da sun gane wannan nan take, isnadi ne: in mutum ɗaya ya faɗi a tsakiya, matanin duk kyansa ya raunana. A 2011 kotun ƙolin Amurka ta ce takardar ɗakin bincike ba ta wadatar ba, wanda ake tuhuma na da haƙƙin a kawo masa wanda ya yi awon ya yi masa tambayoyi, ba wani abokin aikinsa ba.

Akwai kuma maganar jiki. Hurawa a bututu da soka allura ba ɗaya ba ne. Kotun nan ta Amurka a 2016 ta ce ɗan sanda na iya sa wanda ya kama ya hura ba tare da takardar alƙali ba, amma jini sai da ita, don an huda fata, kuma jini na iya tona abubuwan da ba su shafi tuƙi ba: ciwon da mutum ke ɓoyewa, ko cikin da mace ba ta faɗa ba. Ingila kuwa ta bi ta wata hanyar. Da can wanda lambarsa ta ɗan haura iyaka yana iya cewa a ɗebi jininsa maimakon numfashi, a 2015 suka soke, don sun ga kafin a samo likita hanta ta yi wa direba aikin lauya. A Faransa ƙin yarda a auna ka shi ma babban laifi ne mai iya kai mutum kurkuku.

Ni dai inda na tsaya, ga gari irin namu tambayar wanne ya fi daidai a ɗakin bincike ba ita ce ta farko ba. Jini ya fi, ba gardama. Amma jinin da ya makara awa uku, ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke, bai kai numfashin da aka auna a wurin haɗari da na'urar da aka saita watan jiya ba. A shingen hanya, inda ba wanda ya ji ciwo, numfashi ya wadatar, muddin an jira, an hura sau biyu, takardar ta nuna lokaci da lambar na'ura da ranar da aka duba ta. Inda kuwa aka rasa rai ko aka nakasa mutum, inda maganar ɗauri da diyya da asurans za ta taso, a haɗa biyun: a hura nan take don a kama lokaci, a ɗebi jini kwalba biyu don a samu abin komawa. In sun yi kusa da juna bakin kowa ya mutu. In sun yi hannun riga, alƙali ya san akwai abin tonawa. Wanda ke da ɗan'uwa a irin wannan shari'a kuma, kada lamba ta firgita shi don ta fito daga inji. Ya sa lauyansa ya tambaya: wace irin na'ura ce, ta tankaɗe ko ta awo, yaushe aka saita ta, minti nawa aka jira, ina kwalba ta biyu.

Akwai kuma abin da duk mai shiga tasha a Damagaram ya sani, ko da ba a faɗa a taro. Yawancin abin da ke juya kan matasan direbobi da 'yan kabu-kabu da masu adaidaita ba a kwalba yake zuwa ba, a ƙwaya yake zuwa. Tramol ba shi da wari, wanda ya haɗiye shi ba ya jin kunyar shiga sahu a masallaci, na'urar hurawa kuma ba ta san da zamansa ba, haka wiwi, haka ƙwayoyin barci. Yaro ya watsa uku da shayi tun safe, a tsayar da shi a shingen hanyar Mirya, a miƙa masa bututu ya hura iya ƙarfinsa, allo ya nuna 0.00. Ya yi murmushi ya ce, "Shef, ka gani ko? Ni ban taɓa kai ta bakina ba." Gaskiya ya faɗa. A miƙa masa parminsa, ya ɗauki mace da goyo ya ba babur wuta.